Birkin da Sai an Ba Shi Biyu: Fashin Baƙi kan Iska a Cikin Man Birki

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin direbobin tirotiro, wato ƙananan bas-bas na haya, a nan Kumasi, daga Aboabo har Kejetiya, kuma duk sanda na ji ta sai gabana ya faɗi. Direba zai ce maka: "Birkina lafiya lau yake, sai dai sai ka ba shi biyu." Wato takun farko ƙafa tana tafiya har kusa da ƙasa motar ba ta ji komai ba, sai an ɗaga an sake takawa sannan ya kama. Mai faɗin haka ya ɗauki abin a matsayin halin motarsa, kamar yadda mai doki yake sanin halin dokinsa, har yana alfahari da cewa shi ya iya da ita. To, a lissafa. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗaga ƙafa a sake takawa yana cin kusan daƙiƙar nan. Mita 14 ya kai tsawon bas ƙirar Sprinter biyu a jere, kuma a cikin wannan tazara ce mai tallan ruwa ko ɗan makaranta yake tsallaka titi.

Na yi shekaru ina yaron gareji a Magazin ta Suwame, unguwar garejoji ta Kumasi, wurin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda fita ne, wato makanike. Aikin farko da ake ba sabon yaro bayan wankin noti da miƙa sifana shi ne a zaunar da shi a kujerar direba a ce ya taka birki. Masta yana ƙarƙashin mota yana kira: "Taka! Taka! Riƙe!" Sai ka ji feda ta sulale ƙarƙashin ƙafarka. "Kada ka saki!" Can sai ya ce, "To, saki." Na yi watanni ina wannan taku ban san me nake yi ba, kuma na lura direbobi da yawa da ke kawo mota a cire musu iska su ma ba su san abin da ake cirewa ba, balle ta inda ya shiga. Shi ya sa nake so mu warware maganar daga tushe.

Birkin ƙananan motoci da bas-bas na haya ruwa ne ke aiki a cikinsa. Idan ka taka feda, sanda tana tura fistin a cikin babbar tukunyar birki, wadda ake kira masta silinda, tana nan a ƙarƙashin bonet daidai gaban direba, da ɗan kofin mai a kanta. Fistin ɗin yana matsa man birki, man ya bi siraran bututun ƙarfe da tiyo na roba zuwa tayoyi huɗu. A can akwai wasu fistin a cikin kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifan birki, ko a cikin ƙaramar tukunyar da ke cikin dirom, su ne ke matsa takalman birki a jikin faifai ko dirom ɗin da ke juyawa da taya. Dokar da abin ya dogara a kanta tsohuwa ce, Bafaranshen nan Blaise Pascal ya bayyana ta tun ƙarni na 17: duk matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe, yana isa kowane lungu nasa daidai wa daida. An daɗe kafin a kai ta ga mota. Motocin farko da waya da sanduna suke ja birki kamar keke, sai a 1921 kamfanin Duesenberg na Amurka ya fito da motar sayarwa mai birkin ruwa a tayoyi huɗu.

Sirrin duka shi ne ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Wanda yake so ya gani da idonsa ya samo sirinji marar allura. Cika shi da ruwa, toshe bakin da yatsa, ka danna: ko motsi ba zai yi ba, ƙarfinka duka yana komawa kan yatsan. Zubar da ruwan ka ja iska, ka sake toshewa ka danna: zai shige har rabi, in ka saki ya dawo kamar sifirin. Haka ƙwayar iska take yi a cikin bututun birki. Ƙafarka, maimakon ta tura takalmi ya kama faifai, sai ta ɓata tafiyarta wajen matse iskar.

Abin da mutane ba sa ganewa shi ne ƙanƙantar man da taku ɗaya yake turawa. Faɗin ramin babbar tukunya a yawancin ƙananan motoci bai wuce milimita 20 zuwa 25 ba, tafiyar fistin kuma 'yan santimita ce. In ka taka feda tun daga sama har ƙasa, man da ka tura bai fi ƙaramin cokalin shayi biyu zuwa uku ba. Idan iskar da ta maƙale a ciki ta kai cokali ɗaya, kusan rabin takun ya tafi a banza kafin matsi na kirki ya fara taruwa. Taku na biyu yana kamawa ne saboda ka sake takawa kafin komai ya gama komawa mazauninsa, tukunya ta ƙaro mai daga kofi, iskar kuma tana nan a matse tun daga takun farko. Da ka bar birkin ya huta na 'yan daƙiƙoƙi, iskar ta sake buɗewa, an koma gidan jiya.

Wani zai ce, to ai manyan tireloli da tankokin da ke hawa arewa ta Techiman da iska suke tsayawa, ga ƙarar "tsss" da suke yi. Gaskiya ne, amma ginin daban ne. Su suna da kwamfireso da ke tara iska a cikin tankuna tun kafin a buƙace ta, fedarsu bawul ce kawai da ke buɗe wa iskar da aka riga aka matse hanya. Motarka ba ta da wannan rumbu, abin da ƙafarka ta tura a taku ɗaya shi ke nan.

Yanzu ga tambayar da kawuna ba ya fara aiki sai ya yi ta. Direba zai shigo ya ce, "Masta, a cire min iska, sauri nake." Shi kuma ya ce, "Ta ina ta shiga?" Hanyar man birki a rufe take ruf. Motar da ba a taɓa birkinta ba, ba ta yoyo, man bai tsufa ba, tana iya shekaru ba ta sha iska ba. Saboda haka duk iskar da aka samu a ciki akwai ƙofar da ta bi, kuma in ba a rufe ƙofar ba, cire iskar share fage ne ga wata.

Ƙofa mafi sauƙin ganewa ita ce hannun mai gyara. An canza tiyo, an kwance kalifa, an sa sabuwar tukunya, dole iska ta shiga, kuma cire ta wani ɓangare ne na aikin. Ta biyu ita ce kofin mai ya yi ƙasa har tukunya ta zuƙi iska maimakon mai. A nan akwai abin lura. Man birki ba ya ƙonewa kamar man inji. In ya ragu kaɗan-kaɗan cikin watanni, yawanci takalman birki ne suka cinye, fistin ya ƙara fitowa, man ya bi bayansa ya cike gurbin. In kuwa ya ragu da sauri, yoyo ne. Karen motar da ke buɗe bonet kullum da safe yana ƙara mai, yana ganin ƙoƙari yake yi, alhali shaidar ciwon yake gogewa. A duba bayan tayoyi: in ka ga jiƙa a cikin taya ta baya ko ƙasan dirom, robar ƙaramar tukunya ta mutu. Irin wannan roba, mai na fita ta gefenta idan an taka, iska kuma na shiga idan an saki. A duba ƙarƙashin kafet inda feda take, da kuma tsakanin tukunya da busta, wato na'urar da ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, don babbar tukunya ma tana yoyo ta baya inda ido ba ya kaiwa.

Ƙofa ta uku ita ta fi ba ni tsoro, domin ba ta barin ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Man birkin da muke saye, DOT 3 da DOT 4, an yi shi da sinadarin gilaikol, kuma halinsa ne ya sha danshi daga iska. Yana sha ta murfin kofi, yana sha a hankali ta jikin tiyo na roba, yana sha duk lokacin da aka bar kwalba a buɗe. Kumasi kuwa gari ne na kurmi, damina biyu muke yi a shekara, in ka ɗebe 'yan makonnin hunturu iskarmu kullum a jiƙe take. Ruwan da man ya sha yana sauko da zafin da yake tafasa. A ƙa'ida, sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230. Idan suka sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100, ƙa'idar ta sauko zuwa 140 da 155. Dubi wannan tazara da kyau, domin birki ba abin da yake yi sai mayar da gudu zafi.

Ɗauki motar da ta yi lodin doya da masara daga Ejura, ta wuce Mampong, ta fara gangaren dutsen nan mai kwana-kwana da ke saukowa wajen Jamasi. Direba ya sa ta a firi, wato ya cire giya, don ya rage shan mai, ƙafarsa na kan birki tun daga sama. Faifai ya yi zafi, zafin ya ratsa takalmi ya shiga fistin, ya isa ga man da ke bayansa. In man tsoho ne, ruwan cikinsa zai tafasa ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa kamar iska. Nan take feda ta tafi ƙasa. Idan Allah ya kiyaye aka tsaya, bayan rabin awa man ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo garau kamar ba abin da ya faru. Daga nan sai ka ji ana cewa hanyar ce ba ta da kyau, ko an yi wa motar baki. Man ne ya tsufa, kuma zai sake yi a gangare na gaba. Maganinsa a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a zuba sabo. Kamfanonin mota da yawa suna cewa a yi hakan duk shekara biyu, kuma a ganina motar haya da ke bin gangare da lodi a irin yanayinmu bai kamata ta kai haka ba. Sannan a sauka gangare da giya ta biyu ko ta uku, inji ya riƙe motar, birki ya zama mai taimako.

Kafin a taɓa sifana, ƙafa tana iya gaya maka abubuwa da yawa, don ba kowane birki mai laushi ne iska ke damunsa ba. Kashe inji, ka taka sau huɗu ko biyar har ƙarfin busta ya ƙare, sannan ka danna ka riƙe. In feda tana da taushi kamar kana taka soso, tana ƙara tauri in ka yi ta bugawa, wannan iska ce, ko kuma tsohon tiyo da ke kumbura idan matsi ya zo. In ta yi nisa kafin ta kama amma da ta kama sai ta yi tauri kamar dutse, takalman dirom na baya ne suka yi nisa da dirom, saiti suke so. In ta kama sannan ta riƙa sulalewa ƙasa a hankali alhali ƙarfin ƙafarka bai canza ba, ko dai akwai yoyo a waje, ko robar cikin babbar tukunya tana barin mai ya koma baya. Wannan ko an kwana ana cire iska ba zai warke ba. In kuwa feda ta yi tauri tun daga sama amma mota ba ta tsayawa sai ka miƙe a kanta, a nemi matsalar a busta ko tiyonta. Na sha ganin an ƙarar da kwalba biyu ta mai a kan motar da saitin baya kawai take buƙata.

To, an tabbatar iska ce, an kuma toshe inda ta shiga. Ga yadda aikin yake a hannun mutum biyu, wanda shi ne aka fi yi a Magazin.

A tsayar da mota a wuri mai daidai, a sa weji. In za a cire tayoyi, kada a yarda kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, a tokare ta da ƙarfen tokara ko gungumen katako mai ƙwari. A goge murfin kofi kafin a buɗe, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya yanka roba. A zuƙe tsohon man da ke cikin kofin da sirinji, a cika da sabo daga kwalbar da yanzu aka fasa hatiminta. Irin man da motar ke so yana rubuce a kan murfin.

A jikin kowace kalifa da kowace ƙaramar tukunya akwai ɗan noti mai rami a tsakiya, fitoci na kiransa nifil. Ta nan iska ke fita, kuma an dasa shi a can sama ne da gangan, saboda iska kullum sama take hawa a cikin ruwa. Yawanci sifana lamba 8 ko 10 ke kama shi. A yi amfani da mai zobe, don mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan notin. A nan sai an yi haƙuri. Yawancin motocinmu na hannu ne, an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka da Kanada da Turai, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Gishirin nan yana cin nifil da bututun birki. In ya ƙi motsi, a zuba masa man sassauta tsatsa, a ɗan bubbuga, a jira. Wanda ya yi gaggawa ya karya shi a ciki, aikin minti talatin ya koma na yini guda, wani lokaci sai an sayi wata kalifar.

A sa siririn tiyo mai haske a bakin nifil, ɗaya bakin a nutsa shi cikin kwalba mai ɗan man birki a gindinta. Na san da yawa ba sa yin haka, suna buɗewa ne man ya yi tsartuwa a ƙasa, suna cewa kunne ya isa. Ban yarda da wannan ba. Tiyon yana nuna maka kumfa da idonka, yana nuna lokacin da baƙin mai ya ƙare fari ya fara zuwa, yana hana man fallatsa kan takalmi da faifai, kuma in an yi kuskure aka saki feda da wuri, mai zai zuƙo daga kwalba maimakon iska.

Daga wace taya za a fara? Tsohuwar ƙa'ida ita ce daga wadda ta fi nisa da babbar tukunya. Tun 1974 Gana ta koma bin hannun dama a titi, sitiyarin motocinmu yana hagu, tukunya ma tana hagu. Saboda haka a fara da baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da gaba ta hagu. Amma wannan ba ta hau kan kowace mota ba. Motocin zamani hanyar mansu biyu ce, don in ɗaya ta fashe ɗayar ta riƙe, kuma a yawancin masu ja da tayoyin gaba an raba ta ne a gicciye: gaba ta hagu da baya ta dama a layi ɗaya, sauran biyun a ɗaya layin. Wasu kamfanoni suna da jerin kansu, akwai motocin Honda da ake farawa daga gaba. In akwai littafin motar, shi ne alƙali. Fikof da wasu bas-bas kuma suna da wani bawul a kusa da tayoyin baya mai auna nauyin kaya, wani yana da nasa nifil, kuma ana yawan mantawa da shi.

Inji a kashe. Na cikin mota ya taka a hankali sau uku ko huɗu, ya riƙe. A hankali na ce, domin bugun sauri yana farfasa babbar ƙwayar iska ta zama ɗaruruwan ƙanana, man ya koma kumfa, sai an jira ya kwanta kafin a ci gaba. Na ƙasa ya buɗe nifil kwata ko rabin juyi, mai da iska su fito, feda ta sauka. Ya rufe. Sai ya rufe sannan na sama zai ɗaga ƙafa. Duk aikin a kan wannan gaɓa ya rataya: in aka saki feda nifil na buɗe, tukunya za ta zuƙo iska ta inda aka fitar da ita. Dalilin ke nan da masta ke ɗaga murya, kuma dalilin da ya sa yaro ke amsawa da baki, "Na riƙe, Masta," ko da Hausa ko da Tonanci, yaren Asante, kafin a taɓa sifana. Ana maimaitawa har sai man da ke bin tiyo ya zama fari tas ba kumfa ko ɗaya, sannan a koma taya ta gaba.

Akwai wata dabara da kawuna ya koya mini wadda ban cika ganin ana yi ba. A tsohuwar mota, yakan sa guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. A tuƙin yau da kullum fistin na babbar tukunya rabin hanyarsa kawai yake bi, sauran rabin yana tara tsatsa da datti na shekaru. Ranar cire iska sai a tura shi har ƙurya, robarsa ta bi ta kan wannan kaushi ta yage. Mai mota ya zo da iska, ya koma da mutacciyar tukunya, ya ce fita ya ɓata masa mota, kuma da gaskiyarsa.

Duk bayan buɗewa huɗu ko biyar a leƙa kofi a ƙara mai. In ya ƙafe sau ɗaya, an shigar da sabuwar iska tun daga sama, sai a faro daga farko. Man da ya taru a kwalba kuwa ya gama aiki, ko da ya yi kama da mai kyau ba a mayar da shi.

Wata rana wani Alhaji mai Corolla ya zo mana ransa a ɓace. An canza masa kalifofin gaba biyu a wani wuri da na hannu, an cire iska sau uku, birki na nan kamar soso, har an ce masa ya sayi sabuwar tukunya. Kawu ya sa na cire taya, ya durƙusa ya duba bai fi minti ɗaya ba, ya ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Nifil yana ƙasa, bakin tiyo yana sama. An ɗaura ta dama a hagu, ta hagu a dama. Notocin sun shiga daidai, ba abin da ya nuna kuskure, amma iskar ta taru a saman kalifa inda ba ƙofa, mai kuma yana fita fari tas ta ƙasa yana ruɗin mai aiki. Muka musanya su, buɗewa shida ko bakwai a kowane gefe, feda ta tsaya. Duk mai sayen kayan birki na hannu, a Magazin ne ko a Abosokai ta Akara, ya duba wannan tun kafin ya biya.

Haka nan sabuwar babbar tukunya, ana cika ta a fitar da iskarta a kan benci kafin a ɗaura, domin a jikin wasu motoci a karkace take zama, iska ta maƙale a ƙarshenta inda taku ba ya korar ta.

Sai motoci masu ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi ƙamewa idan an taka birki da ƙarfi, waɗanda yanzu suke da yawa. In dai canjin mai ne kawai, ko an buɗe wajen taya, hanyar da na bayyana ta wadatar a yawancinsu. Amma in kofi ya ƙafe ƙaf, ko an canza akwatin ABS ɗin kansa, iska na iya shiga ƙananan bawul da famfon da ke cikinsa, waɗanda a rufe suke sai lokacin da tsarin ya tashi aiki. A motoci da yawa sai an jona na'urar kwamfuta ta umarci famfon ya juya, bawul su buɗe, sannan a sake cirewa a tayoyi. In ba a yi haka ba, birki zai yi tauri a gareji, ranar da aka taka da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi ABS ya tashi, iskar ta fito cikin layi, feda ta yi laushi. Fitan da ba shi da na'urar, mutuncinsa ne ya faɗa wa mai mota ya tura shi inda take.

Akwai wasu hanyoyin ban da ta mutum biyu: tulun da ke tura mai da matsi ta saman kofi, wanda shi ya fi tsafta kuma ba ya wahalar da tukunya, da famfon da ke zuƙa ta nifil, sai dai shi yakan jawo iska ta gefen zaren noti ya nuna kumfar ƙarya. Ana kuma iya buɗe nifil a bar man ya riƙa ɗiga da nauyinsa, in akwai lokaci.

Dole in yi magana a kan abin da ake zubawa a kofi, don na ga abubuwa. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, suna haɗuwa, ko da yake bai kamata a zuba DOT 3 a motar da aka rubuta wa DOT 4 ba. DOT 5 kuwa, duk da kamar suna, na silikon ne, ba ya gauraya da su. Man inji, man giya da man sitiyari duk guba ne ga birki: suna kumbura kowace roba a cikin layin, kuma in sun shiga sai an canza robobin gaba ɗaya. Na taɓa buɗe tukunyar da aka zuba wa ruwan sabulun wanki a hanya aka ce "don a ƙarasa gida", aka kuma bar shi makonni. Ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da ya bari a cikin silinda. Na kuma ga bututun taya ɗaya da aka toshe da ƙusa saboda yana yoyo, motar tana ɗaukar fasinja da birkin tayoyi uku. Na san halin da direban haya yake ciki, mai mota na jiran kuɗin yini, fasinja na ƙorafi, komai ya yi tsada. Amma robar ƙaramar tukunya da kwalbar mai suna cikin mafi arahar kayan mota, kuma mutum goma sha biyar ne a bayansa. Man da ake sayarwa a tsiyaye cikin gorar lemo ma a guje shi, ba ka san me ne ne ba, ba ka san kwana nawa ya yi yana shan danshi ba. A gida kuma kada a ajiye ragowar a irin wannan gora inda yaro zai kai hannu, guba ne. In ya zuba a jikin mota a wanke da ruwa nan take don yana cin fenti, in ya shiga ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa.

In an gama, a ɗaure kowane nifil daidai ba tare da an murɗe shi fiye da kima ba, a mayar da 'yar hular robarsa, a cika kofi zuwa layin sama. Mai mota ya shiga da kansa, inji a kashe, ya danna feda ya riƙe rabin minti: ta tsaya a inda ta kama, kada ta sulale. Ƙafarsa na kai ya tayar da inji, zai ji ta ɗan sauka kaɗan, wannan busta ce ta fara aiki. Fita ya zagaya tayoyi huɗu da tocila yana neman jiƙa. Sannan a fita da motar a hankali a cikin layin gareji, a taka sau ɗaya tak daga gudun tafiyar ƙafa, a ƙara gudu kaɗan a sake gwadawa, a lura ko tana ja gefe ɗaya. In har a takun farko ba ta kama ba, kawu yakan karɓi makullin ya sa a aljihun rigarsa, ya ce da ni, "Ɗauko jak, mu sake dubawa."